Takardar ƙauye a Tudun Wada

Da hantsi na bi ta Ƙofar Doka na shiga Tudun Wada, unguwar da ke tsakanin birnin Zazzau da Sabon Gari. 'Yan acaɓa na shigowa daga ƙauyuka da kwandunan tumatir da dammunan albasa, kayan fadamun Galma da Kubanni, ƙafafunsu fari fat da ƙura. Da ka ga ƙurar ka san irin hanyar da suka biyo. Ni dai Kongo na nufa.

A nan Kongo aka buɗe makarantar horar da akawuna a 1947. Ita ce ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki, daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ma'aikatan En'e da yawa nan suka koyi riƙe baitulmali, kuma har gobe akwai sashen nazarin ƙananan hukumomi da raya ƙasa. Harabar shiru, inuwa ko'ina, ɗalibai na haddar sauyin ƙananan hukumomi na 1976 da hukumar DFRRI da Babangida ya kafa a 1986 don hanyoyi da ruwan sha a karkara.

Amma abin da ya tsai da ni yana waje: jerin shagunan buga takardu da ɗaukar hoto. Tsakanin ɗalibai sai ka hangi dattijo da babbar riga, ya rungume fayil kamar jariri. Ba jarrabawa ta kawo shi ba, ƙungiyar ƙauyensu ce ta aiko shi.

Dalilin yana da tushe. Da aka fara shirin Fadama na biyu wajen 2004 da rancen Bankin Duniya, Jihar Kaduna na ciki, sai aka sauya salo. Maimakon ofis ya yanke wa ƙauye abin da yake bukata, mutanen gari su za su zauna su zaɓa, kwalbati ko rijiyar burtsatse ko rumfar kasuwa, su kafa kwamiti, su kawo kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin. Tsarin ya yi kyau, don abin da mutum ya sa guminsa ba ya bari ya lalace. Aikin gayya kuwa ba gwamnati ta koya wa Bahaushe ba. Yashi da dutse da ƙarfin samari ba su taɓa gagarar ƙauye ba.

Abin da ke gagara shi ne takarda. Sai an yi wa ƙungiya rajista, an buɗe asusun banki, an rubuta tsarin aiki da ƙiyasin kuɗi, galibi da Turanci. Nan ne ɗan boko ɗaya tilo na ƙauyen, ko wani ɗan siyasa mai kirkin ganin ido, yake zama bakin kowa. Ina ganin a wannan gaɓar aikin jama'a ke fara suɓucewa daga hannun jama'a. Abin takaicin, nan kusa a Tukur-Tukur Kamfanin Gaskiya yake, inda aka buga littattafan Yaƙi da Jahilci da Hausa tsantsa a shekarun 1950. Me zai hana fam ɗin neman kwalbati ya fito da Hausar?

Sai kuma jiran kason gwamnati. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. A teburin mai shayi an yi ta muhawara a kai, kowa da fassararsa.

Dattijon nan dai ya karɓi takardunsa kofi uku, ya sa su a leda saboda ruwa, ya cusa a aljihun gaba, ya tsai da ɗan acaɓa. Sun daɗe suna ciniki, don yaron ya ce bayan kwalta sai an ƙara masa wani abu.