Yaron Da Ya Shekara A Izu Ɗaya



Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, yau zan ba ku labarin wani abu da ya faru da ni a aji, wanda ya sa na kwana ina juyayi, kuma ya tilasta mini komawa ga littattafai.

A ajin hadda da nake koyarwa da yamma akwai wani yaro ɗan shekara 12. Shekara guda cur ya yi tsakanin Nasi da Sabbi, alhali waɗanda suka fara tare da shi sun wuce Tabaraka. Idan na biya masa aya uku yau, gobe sai ya dawo da ɗaya da rabi. Wata rana haƙurina ya ƙare, na ce masa a gaban 'yan'uwansa, "Kai dai kanka dutse ne." Bai ce komai ba, ya sunkuyar da kai. Bayan kwana biyu mahaifinsa ya zo tare da wan yaron, wanda ke karatu a jami'a. Uban ya ce, "Malam, na ga dai yaron nan ba shi da kan karatu, gara in kai shi shago ya koyi sana'a." Kafin in ba da amsa sai wan ya yi murmushi ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wayar da ke aljihuna ta haddace Alƙur'ani duka, ba ta mantuwa. Kuma nan gaba Turawa za su riƙa gyara ƙwayoyin halittar jariri tun yana ciki, a haife shi da kaifin ƙwaƙwalwa. To wahalar me ake ba shi?"

Na roƙi Alhaji ya ba ni wata guda. Amma maganar saurayin nan ta zauna mini, domin na gane cewa ni da shi ma'auni ɗaya muke amfani da shi. Shi ya auna ƙanensa da waya ya ga ya gaza, ni kuma na auna shi da saurin hadda na kira shi dutse.

Bari mu fara da batun kwamfuta, mu ba ta haƙƙinta. A 1997 na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya a wasan darar Turawa. A 2016, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, manhajar AlphaGo ta ci Lee Sedol wasa 4 cikin 5 a wasan Go, wanda aka daɗe ana zaton ya fi ƙarfin na'ura. Daga ƙarshen 2022 kuma, da fitowar ChatGPT, kowa ya ga manhaja tana rubuta wasiƙa, tana fassara, tana amsa tambayar jarrabawa. Wajen sauri ba a haɗa su: ƙwayar ƙwaƙwalwa takan aika saƙo sau ɗaruruwa a daƙiƙa idan ta yi ƙoƙari, ita kuwa kwamfuta agogon cikinta yana bugawa sau biliyoyi a daƙiƙa guda. Ayoyin Alƙur'ani sama da 6,200 ba su cika ko kusurwa ɗaya ta ma'ajiyar ƙaramar waya ba.

Sai dai ku dubi ɗaya ɓangaren. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, bisa ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel ta ƙasar Burazil ta fitar tare da abokan aikinta a 2009, kuma kowace ƙwaya tana haɗe da dubban 'yan'uwanta. Duk wannan yana aiki ne da ƙarfin da bai wuce wat 20 ba, kwatankwacin ƙaramin ƙwan fitila. Babbar kwamfutar nan Frontier da Amurka ta ƙaddamar a 2022 a Oak Ridge tana shan lantarki kimanin wat miliyan 20, wato ninki miliyan guda. Yaro ɗan shekara uku, da kunu da fura, yana koyon harshen uwarsa daga abin da yake ji a tsakar gida, yana gane fuskarta ko a duhu. Manhajar da ke rubuta wasiƙa kuwa sai da aka ɗura mata rubutun da mutum ɗaya ba zai karance ba ko zai yi rayuwa dubu. Wanda ya yi tunani a kan wannan zai ce tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Yanzu batun gyaran ƙwayoyin gado. Aikin karance kundin halittar ɗan Adam an fara shi a 1990, aka kammala a 2003, aka samu haruffa kimanin biliyan 3 da ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu sarrafa sinadaran gina jiki. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana hanyar CRISPR, wadda ke aiki kamar almakashi, ta yanke DNA a daidai wurin da aka nufa. Sun samu kyautar Nobel a kanta a 2020.

Shin da wannan almakashi za a iya ɗinka wa jariri basira? Tun 1999 wani masani a Jami'ar Princeton, Joe Tsien, ya ƙara wa ɓeraye ƙarfin wata ƙwayar gado mai suna NR2B, sai suka fi sauran ɓeraye saurin koyo da daɗewar tunawa. Jaridu suka yi ta yayatawa. A 2001 wasu masu bincike suka gano cewa waɗannan ɓerayen sun fi 'yan'uwansu jin raɗaɗin ciwo mai daɗewa. An taɓa igiya ɗaya, wata ta motsa a inda ba a zata ba. A ɗan Adam lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya duba mutane kimanin miliyan 3, ya samu wurare kusan 4,000 a kundin halitta masu alaƙa da nisan karatun mutum, kowane da ɗan tasiri ƙanƙani, kuma duk a haɗe ba su bayyana ko kashi 20 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane ba. Babu wata ƙwaya guda da za a ce ita ce ta basira, balle a murɗa ta kamar makunnin rediyo.

Mun kuma ga abin da gaggawa ke jawowa. A watan Nuwamba na 2018 wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar cewa an haifi tagwaye mata waɗanda ya sauya musu ƙwayar CCR5 tun suna 'yan tayi, da nufin kare su daga cutar ƙanjamau. Masana a faɗin duniya suka yi tir da shi, domin yaran lafiyarsu ƙalau, akwai hanyoyin kariya da ba su da wannan haɗari, kuma sauyin zai iya bin zuriyarsu. A Disamba 2019 kotu ta ɗaure shi shekara 3. Ya gama zaman kaso ya fito a 2022, amma yaran za su rayu da abin da aka yi musu ba tare da an shawarce su ba.

Kada wani ya fahimce ni da cewa ilimin haramun ne. A ƙarshen 2023 hukumomin Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy na cutar amosanin jini, wato sikila. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a gyara su da CRISPR domin su koma samar da irin jinin da jariri ke da shi a ciki, sannan a mayar masa. Gyaran yana tsayawa a jikinsa, ba ya bin 'ya'yansa. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da mai sikila, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ya san wannan rahama ce, ko da yake kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, kamar yadda ya zo a hadisin Usama bin Sharik (RA) a wajen Abu Dawuda da Tirmizi. A ɗaya gefen, aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta ambaci sauya halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ya yi alwashin umartar mutane da su. A kan wannan tsakani ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta tsaya a zamanta na Makka a 1998: ta halatta amfani da wannan ilimi don rigakafi da magani matuƙar ba zai jawo cutarwa mafi girma ba, ta kuma hana amfani da shi don wasa da mutuntakar ɗan Adam ko da sunan inganta iri.

To amma duk wannan bai amsa tambayar da ta hana ni barci ba. A ce gobe an iya, a ce an haifi yaron da zai haddace izu 60 a mako guda. Shin ya fi ɗalibina a wajen Allah?

A nan Larabcin da na koya ya taimake ni. Kalmar aƙlu, wadda muke fassarawa da hankali, tushenta ɗaya da iƙalu, igiyar da Balarabe ke yi wa raƙumi dabaibayi da ita. Hankali a asalinsa shi ne abin da ke riƙe mutum daga faɗawa inda bai kamata ba. Abin lura kuma, kalmar ba ta zo a Alƙur'ani a matsayin suna ba, ta zo ne a siffar aikatau, abin da mutum ke yi ko ya ƙi yi. Aya ta 46 a Suratul Hajji ma ta jingina hankaltar ga zuciya. Shari'a ta rataya wajibci a kan wannan hankali, shi ya sa aka ɗauke alƙalami daga yaro da mai barci da wanda ya zautu. Ba a taɓa cewa mai saurin hadda sallarsa raka'a biyu ce, mai jinkiri huɗu ba. Kaifin ƙwaƙwalwa arziki ne kamar dukiya da ƙarfin jiki, ana ba wani da yawa, wani kaɗan, kuma kowa za a tambaye shi gwargwadon abin da aka ba shi. Iblis bai rasa sani ba. Waɗanda suka ƙera bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima a 1945 suna cikin mafi kaifin ƙwaƙwalwar zamaninsu.

Wayar da ke aljihun saurayin nan tana ɗauke da Alƙur'ani kamar yadda kanta ke ɗauke da Mus'hafi. Ba ta tashi da asuba cikin sanyin hunturu ba, ba ta ji kunyar dariyar 'yan aji ta sake dawowa washegari ba, ba ta da niyya, don haka ba ta da lada. Ɗalibina yana da duka ukun. Na tuna hadisin Nana A'isha (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ma'anarsa ita ce, gwanin karatun Alƙur'ani yana tare da mala'iku masu daraja, wanda kuma yake karantawa yana tuntuɓe, yana shan wuya, lada biyu gare shi. Na sha karantar da wannan hadisi, amma ga mai lada biyu zaune a gabana shekara guda, ni kuwa na kira shi dutse. Astagfirullah.

Akwai kuma abin da ya kamata ya dame mu fiye da mafarkin jarirai masu gyararriyar basira. Malamai irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun lissafa kiyaye hankali cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin karewa. Mu a nan ƙwaƙwalwar da Allah Ya riga Ya bayar kyauta ce muke asara. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinari ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, kuma dalma tana lalata ƙwaƙwalwar waɗanda suka tsira. Ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki yana rage basirar jariri, maganinsa kuwa gishiri ne mai aidin. Tamowa a shekaru biyun farko tana barin tabo mai wuyar gogewa. Ga kodin da tiramol suna cin samarinmu. Wanda ke son al'umma mai basira, aikinsa yana nan, kuma ba ya buƙatar almakashin CRISPR.

Da na koma aji, abin da na fara yi shi ne na nemi gafarar yaron a gaban waɗanda na kunyata shi a gabansu. Na rage masa zuwa aya biyu a rana, na mayar da shi sahun gaba. A nan ne na lura yana karkato kunnensa na dama idan ina biyawa. Na shaida wa Alhaji, aka kai shi asibiti, aka tarar kunnen hagu ya daɗe da ciwo, ba ya ji sosai da shi. Shekara guda ina hukunta ƙwaƙwalwarsa, ban taɓa tambayar ko yana jin muryata ba. An yi masa magani, ya ɗan ƙara sauri, amma har yanzu shi ne na baya a ajin, kuma ban damu ba. Ranar da ya kawo Suratul Gashiya ba gyara, na ga hawaye a idonsa. Alhaji ya amince ya riƙa zuwa shago da safe, makaranta da yamma. Wan nasa kuwa na ce masa, "Ɗan'uwa, wayarka tana da amfani, ka riƙa kunna masa ƙira'a da ita da dare." Yana yi.

Nasihata gare ku matasa, musamman masu karatun kimiyya da kwamfuta, ku zurfafa a waɗannan fannoni, kada ku bar wa wasu. Muna buƙatar Musulmin da zai iya zama da malaman fiƙihu ya yi musu bayanin abin da CRISPR ke yi da abin da ba ta iya yi, domin hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Amma kada ku bari ma'aunin na'ura ya zama ma'auninku na mutane. Idan kana da ƙane ko ɗalibi mai jinkirin fahimta, duba kunnensa da idonsa da cikinsa kafin ka yanke masa hukunci, kuma ka kiyaye harshenka fiye da yadda na kiyaye nawa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare ni ne da Shaiɗan. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da zuciya mai hankalta, Ya yafe mana abin da muka yi wa waɗanda aka ba mu amanarsu. Ina roƙon ku sa ɗalibin nan nawa a addu'a.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.