Wa ya ba ku ikon rufe maganar Leah?

Wallahi yau raina ya ɓaci. Wata baiwar Allah ta sa hoton Leah Sharibu tana roƙon a yi mata addu'a, sai ga wani a ƙasa yana cewa wai ai yarinyar nan ta yi aure ta hayayyafa a can, a daina damun mutane. Har da masu danna masa dariya. Malam, kai ne waliyyinta? Ko an aiko maka da goron ɗaurin auren?

Bari in tuna wa masu saurin mantuwa. Ranar 19 ga Fabrairun 2018 mayaƙan ISWAP suka shiga makarantar kimiyya da fasaha ta 'yan mata da ke Dapchi a jihar Yobe, suka kwashe ɗalibai 110. Ranar 21 ga Maris suka dawo da fiye da ɗari a motoci har cikin gari, biyar sun rasu a hannunsu. Leah kaɗai aka riƙe, tana da shekara 14, kuma ƙawayenta ne suka ce an hana ta hawa mota don ta ƙi barin addininta. Ku ƙaddara ku ne Rebecca, mahaifiyarta, a ranar nan: gari ya kaure da guɗa, kowace uwa ta rungume tata, ke kina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya har motar ƙarshe.

A watan Agusta aka ji muryarta tana roƙon Shugaba Buhari. A Oktoba ya kira uwar a waya ya yi alkawari. A 2020 matar nan har Landan ta je neman taimako. Gwamnatin ta gama wa'adinta a 2023, yarinya ba ta dawo ba. Amma wani yana kwance a kan katifa, da datar naira ɗari biyu, ya rufe magana.

Na san abin da za a ce: ka bar namu kana ta nasu. Duk mai bibiyata ya san abin da na rubuta kan ɓacewar Dadiyata, da ta ƙaramar yarinyar nan Hanifa. Kuma su wa ne "namu"? Mayaƙan ISWAP ɗin nan dai su suka kashe Saifura da Hauwa Liman, ma'aikatan lafiya, Musulmai, a 2018 ɗin. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta ce kusan mutum 22,000 ke cikin rajistarta ta waɗanda suka ɓace a Najeriya, akasarinsu yara ne lokacin da aka rasa su.

Mutuwa tana da makoki, a yi uku, a yi bakwai, a dangana. Ɓata kuwa ba ta da ranar tashi daga zaman. Annabi Yakubu, Annabin Allah ne fa, kuka ya yi ta yi kan Yusuf har idanunsa suka yi fari. Su wane ne mu da za mu ce wa uwa ta isa haka?

Halin nan ne dai muke yi a unguwa. Budurwa ta ɓace, kafin magariba an ce saurayi ta bi, kunya ta sa iyaye su yi shiru kwana biyu, sawu ya ɓace. Ɗan abin da na sani: a je ofishin 'yan sanda a ranar, kada a yarda da "ku dawo gobe". A sanar da mai unguwa, a kai cigiya gidan rediyo, a zaga tashar mota da asibitoci da hoton kwanan nan. Lamba ɗaya za a bayar, domin 'yan damfara za su kira su ce suna tare da ita a turo kuɗi. A ce sai an ji muryarta.

Idan ba za ka iya yi wa Leah addu'a ba, don Allah ka wuce hoton ka yi shiru. Iyayenta ba su ce sun daina nema ba.