Kallon Hawan Fanisau Daga Gindin Tsamiya

A wannan wata ba za mu yi nisa ba. Fanisau za mu leƙa, nan arewa da birnin Kano, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, domin in ba ku labarin yadda na koyi kallon hawan sarki a hannun surukata, bayan sauran ƙiris in yi asarar da ba zan taɓa mantawa ba.

Ni haifaffiyar cikin birni ce, kuma abin da na tashi na sani game da kallon hawa shi ne gudu. Mu ga dawaki a Ƙofar Kudu, mu yanka ta lungu mu tare su a gaba, mu sake yankawa, har magariba. Aure ne ya haɗa ni da dangin da gidansu ke wani ƙauye kusa da Fanisau, inda muke zuwa gaishe da Inna duk Sallah.

Idan kin bar birni ta hanyar filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, kin kama hanya ke nan. A da, kina wuce filin jirgin sai gonaki. Yanzu gidajen bulo sun cinye da yawa daga cikinsu, sai kin ƙara nausawa arewa za ki ga ƙasar yadda iyayenmu suka san ta: gona na jingine da gona, gida na hango gida, babu wani daji a tsakani. Ƙasar nan ba ta san hutu ba, kowace shekara sai an noma ta, gero da dawa da gyaɗa da wake a gona guda. Taki ne ke riƙe da ita. Tun zamanin kakanni jakuna ke kai itace birni, su komo da toka da shara a mangala. Gamba da lalle ne iyakar gonaki, burtali kuma shi ne hanyar dabbobi. Ga ɗorawa, ga kuka, ga tsamiya, ga gawo mai zubar da ganye da damina don kada ya tare wa shuka rana. Kowace bishiya da mai ita. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi kansa garin Fanisau tsoho ne. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya mai da shi ribaɗi lokacin da yake fama da Ɗan Tunku daga wajen Dambatta. A nan Baturen nan matafiyi, Clapperton, ya je ya gaishe shi a 1824. Gandun sarki ya kewaye garin, kuma bayi ne suka noma shi shekaru masu yawa. Gidan sarki yana nan har yau. Shi ya sa a cikin hawan da ke rufe bikin Sallah, bayan Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, akwai wanda sarki ke fita zuwa wannan gida nasa, mutanen karkara su gan shi a ƙofar gonakinsu ba sai sun shiga birni ba.

Zuwana na farko a zamanin marigayi Sarki Ado Bayero ne, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014. Ina da goyo a baya, ga ɗana mai shekara huɗu a hannu. Ina jin ƙarar bindiga daga nesa sai halin ƙuruciya ya motsa, na bi ayarin 'yan mata muka nufi bakin hanya, muna ta kutsawa don mu yi daidai da laimar sarki. 'Yan bindiga suka sake saki, wani doki ya tsorata ya yi tsaye da ƙafa biyu, jama'a suka yo baya gaba ɗaya. Ban san lokacin da hannun yaron ya zame daga nawa ba.

'Yar uwa, Allah Ya raba ki da irin wannan sa'a. Na yi gabas na yi yamma, ina kiran sunansa, muryata ba ta ko kai kunnena saboda kiɗa. Sarki ya wuce ban gan shi ba. Sai da ƙura ta lafa na hango yaron zaune a gefen wata dattijuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa, yana ɓarewa abinsa. Na durƙusa ina kuka ina godiya. Ta ce, "Tashi 'yata. Na san uwarsa za ta zo, shi ya sa ban motsa daga nan ba. Da na ɗauke shi na shiga nemanki, da har dare muna saɓani."

Da muka koma gida Inna ba ta yi mini faɗa ba. Sai da na ci abinci hankalina ya dawo, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, ai hawa ba a binsa. Sarki da ƙafar doki yake tafe, ke kuwa da goyo. Wuri ake samu a zauna, shi ya zo ya same ki."

Hawa na gaba ita ta ja mu. Tun da hantsi muka shimfiɗa tabarmi a gindin wata tsamiya da ke kan ɗan tudu, ni da ita da facalolina da yara goma sha. A ranar na san cewa duk shekarun da na yi ina gudu a lungunan birni, ƙeyar mutane da ƙura kawai nake kallo.

Abin mamaki, da na ba ƙanin maigidana wannan labari sai ya yi dariya, ya ce ai Inna ta yi daidai da masu kallon golf, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu. Filin wasan ramuka 18 ne a warwatse cikin fili mai faɗin gaske, don haka ɗan kallo zaɓi biyu gare shi: ko ya bi gwaninsa rami zuwa rami, ko ya zauna a rami ɗaya duk 'yan wasa su zo su wuce ta gabansa. Wanda ya ce sai ya bi shahararre irin Tiger Woods, dubban mutane zai tarar sun riga shi duk inda ya je. A gasar Masters da ake yi kwana huɗu duk watan Afrilu a garin Augusta na Amurka, an hana 'yan kallo gudu, an hana su shiga da wayar hannu. Mutum yakan yi sammako ya ajiye 'yar kujerarsa inda yake so, ya tafi yawonsa, ya dawo ya tarar ba wanda ya taɓa ta. Na ce to, ashe kujerarsu ita ce tabarmarmu.

Ga abin da na koya game da zaɓen wuri. Ki nemi kwana, inda dole dawaki su rage tafiya, domin a miƙaƙƙiyar hanya ne samari ke sakin linzami. Ki nemi tudu, ko da kaɗan ne, yadda yara za su gani a zaune ba sai sun kutsa gaba ba. Ki sa rana a bayanki: da safe ki zauna ta gabas da hanya, da yamma ta yamma da ita. Idan hunturu ne, iska daga arewa maso gabas take busowa, sai ki zauna ta ɓangaren da take fitowa, ƙura ta yi gaba ta bar ki. Kuma ki tabbata akwai burtali ko wata hanya a bayanki da za ki janye yara idan an yi turereniya. Kada ki jingina da katanga ko shinge inda babu mafita.

Sannan ki tuna cewa inuwar da kike ciki ta wani ce. Ki yi sallama da mutanen gidan kafin ki shimfiɗa tabarma. Ban taɓa ganin an hana ba, sau da yawa ma har ruwa za a aiko miki. Sallah tana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka wata shekarar da rani za ta zo, wata da damina. Idan ta faɗo da damina, ki tsare yaranki daga shiga shuka. Kunya biyar da aka tattake, tuwon wani gida ne aka rage, a ƙasar da gonar mutum ba ta da yawa. Ledar ruwa da ta alewa kuma ki tattara abinki, akuyar da ta haɗiye su ba ta kai labari.

Game da yara, ki fita da sanin maigida, cikin ayarin mata, kowace babba a ba ta yaran da za ta lura da su. Anko yana da amfani a nan, domin launi ɗaya ya fi saurin ganuwa a cikin taro. Ki rubuta lambar waya a takarda ki sa wa kowane yaro a aljihu. Ki nuna musu bishiyar da kuke, ki ce duk wanda ya ɓata ya dawo nan, in bai gan ta ba ya tsaya wajen wata uwa mai talla kada ya motsa. Kada ki bari su hau reshe ko katangar ƙasa. Jariri kuma ki toshe masa kunne da tafin hannu idan 'yan bindiga sun matso. Ruwa, lema, da ɗan abin taɓawa sun wadatar, kaya mai yawa shi ke hana hannu riƙe yaro.

Idan kin zauna, sai ido ya sami aikinsa. Za ki ga kowane hakimi da jama'arsa cikin shiga iri ɗaya, da makaɗansa da masu yi masa kirari. Za ki ga 'yan lifida da dawakinsu sun sha sutura har ƙasa, da 'yan sulke, da dogarai cikin ja da kore. Ki nuna wa yara rawani mai kunnuwa biyu na 'ya'yan sarauta. Idan kika ji kakaki, sarki ya iso. Ki dubi laima, ki dubi figini na gashin jimina da ake yi masa fifita da shi, ki dubi tagwayen masu. Kakaki da figini tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa suke, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Mai gudu ba ta da sukunin gaya wa ɗanta wannan. Mai zama kuwa darasin tarihi take bayarwa kyauta, tana yi tana guɗa.

Wani abin lura shi ne, hawa ya daina zama abin da ake da tabbacinsa duk shekara. A 2020 annobar korona ta hana shi. A babbar Sallar 2024 da Sallolin 2025 'yan sanda sun dakatar da shi a Kano saboda rikicin sarauta, alhali a watan Disamba na 2024 ne hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Don haka ki saurari sanarwa a rediyo kafin ki yi wa yara alkawari. Akwai ƙananan yara a gidajenmu da ba su san hawa ba sai a waya. Duk shekarar da aka yi, ki daure ki kai su, ki kai su kuma yadda za ku dawo gida cif-cif.

Inna ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta. Gonar da ke kallon tsamiyarmu an yanka ta filaye, har an fara aza harsashi. Amma tsamiyar tana nan, kuma yaron da ya ɓace mini ran nan yanzu shi ke ɗaukar mana tabarma, shi ke ƙirga ƙannensa kafin mu tashi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya raya mana zuri'a, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.