Kuɗin Maƙwabcina

Wanda bai zauna Kaduna kafin shekarar 2000 ba, da wuya ya yarda cewa Kiristoci sun taɓa zama da yawa a Tudun Wada da Rigasa, Musulmi kuma a Sabon Tasha. Rikicin shari'a na Fabrairun shekarar ne ya tsaga garin, rikicin Nuwamban 2002 ya ƙarasa. Kowa ya kwashi iyalinsa ya bi nasa, kogin Kaduna ya zama iyaka.

Turare nake sayarwa a Babbar Kasuwa, wadda aka sa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi. Maƙwabcin shagona ɗan Kudancin Kaduna ne, mai sayar da takalma. In na tafi sallah shi ke tsare mini shago. Ranar da gari ya rikice ya damƙa mini mabuɗinsa ya fita, daga baya na ji ya koma Sabon Tasha. Bai sake dawowa kasuwa ba.

Na kwashe kayansa na kai gida, na sayar, na rubuta lissafi, na adana kuɗin. Ko kwabo ban ci ba, kuma da wannan na yi ta rarrashin zuciyata shekara da shekaru. Nakan ce ai ya san inda nake. Gaskiya tsoro nake ji. Da farko tsoron ƙetare gada ne, da hankula suka kwanta sai ya koma tsoron bakin 'yan majalisarmu: me ya kai ka can? Na ji labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yi gaba da juna a rikicin 1992, Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa, amma suka haɗu suka kafa cibiyar sulhu a 1995. Na ce wannan aikin manya ne, ni mai turare ne.

Ɗana da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ya zo hutu, muna hirar hijirar Annabi Ibrahim, alaihissalam. Ya ce Yahudawa sun raba Attaura kashi-kashi suna karantawa kowace Asabar, kashi na uku kuma ya fara ne da umarnin da aka ba Ibrahim yana ɗan shekara 75 a Haran: ya bar ƙasarsa, da danginsa, da gidan mahaifinsa, ba a ma faɗa masa sunan inda zai je ba. Malamansu sun lura cewa matafiyi gida yake fara bari kafin ƙasa, amma aka jero su a juye, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Barin ƙasa ya fi barin mutanenka sauƙi. Ya ƙara da cewa a wani tsohon littafinsu na tafsiri sun kwatanta Ibrahim da kwalbar turare a rufe a lungu, ba mai jin ƙamshinta sai an ɗaga ta an yi yawo da ita.

Sai na yi shiru. Sana'ata ce, na san abin da kwalba rufaffiya ke yi a kan kanta: ba ta amfanar kowa. Riƙon amanar da nake alfahari da shi bai taɓa sayo wa 'ya'yan mutumin nan ko kwanon masara ba. Ni ba ƙasa aka ce in bari ba. Mota ɗaya ce daga kasuwa zuwa Sabon Tasha. Abin da na kasa bari shi ne yabon mutanena da kwanciyar hankalin zama cikinsu.

Na bi ta gadar Stadium, na yi ta tambaya har aka kai ni gidan. Ya rasu. Matarsa ce ta fito, ta gane ni nan take. Na miƙa mata takardar lissafin da kuɗin, da ƙarin da na yi a kai, domin kuɗin da a lokacin za su sake kafa masa shago yanzu ko rabin kayan ba za su saya ba.

Ta ce, "Alhaji, kullum yana cewa kayansa na hannun mai amana. Me ya hana ka zuwa?"

Na ce, "Madam, tsoro ne."

Ta ce shi ma tsoron ne ya hana shi, kuma ya yi ta aikin gadi har ciwo ya kwantar da shi. Ta kira babban ɗansu ya gaishe ni. Bai gama sakandare ba, saboda kuɗin makaranta.