Bayreuth, garin Wagner

A arewacin jihar Bavariya ta ƙasar Jamus, tafiyar kamar awa guda cikin jirgin ƙasa daga Nuremberg, akwai wani gari da ake ce ma Bayreuth, mai mutane wajen dubu 75. Kowace shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, baƙi daga ko'ina cikin duniya sukan cika shi saboda mutum guda, Richard Wagner, wanda aka haifa a Leipzig a 1813.

Sana'arsa tsara opera ce, watau wasan kwaikwayon da ake rera kowace magana cikinsa, makaɗa suna rakiya. Shi yake rubuta labarin, shi yake tsara kiɗan. Da ya ga babu gidan wasan da ya dace da aikinsa, sai ya ce a gina masa nasa. An aza harsashi a 1872. Da kuɗi suka yanke, sarki Ludwig na 2 ya ba da rance. A 1876 aka buɗe gidan da wasan "Zoben Nibelung", kashi huɗu, tsawon awa 15 ko kusa. Bashin da ya biyo baya ya sa aka rufe shi har 1882.

Ginin yana bisa wani tudu mai itatuwa, kuma ba shi da adon fadar sarakuna: jan bulo ne da katako. Kujerun, wajen 1.900, suna da tauri, zafi kuwa sai haƙuri. Abin mamakin yana ƙarƙashin dandali. Can Wagner ya ɓoye makaɗa cikin wani rami mai rufi, ta yadda ɗan kallo ba ya ganin ko mai ba su umurni. Sauti ne kawai ke tasowa daga cikin duhu, ya gauraya da muryoyi kafin ya iso kunne.

Cikin gari kuma ga gidansa, Wahnfried, wanda ya zama gidan tarihi. Ya rasu a birnin Benis a 1883, aka maido gawarsa bayan gidan. Kabarin faffaɗan dutse ne, babu ko suna a kansa. Wasu na ganin tawali'u ne. Ni dai girman kai na gani.

Sai dai, mai karatu, tudun nan yana da wani labari. A 1850 Wagner ya rubuta ƙasida ta cin mutuncin Yahudawa, ya sake buga ta a 1869 da sunansa, ko da yake Bayahude ne, Hermann Levi, ya jagoranci makaɗan wasansa na ƙarshe, "Parsifal", a 1882. Hitler ya fara zuwa Wahnfried a 1923, matar ɗan Wagner, Winifred, ta zama aminiyarsa. Bayan yaƙi sai a 1951 aka koma bikin, hannun jikokinsa biyu, Wieland da Wolfgang, waɗanda suka fi son a yi zancen kiɗa, a bar siyasa.

An daɗe ana rufa-rufa. Tun 2012 ne aka kakkafa alluna cikin lambun da ke ƙasan gidan wasan, kewaye da gunkin kan Wagner wanda Arno Breker, masassaƙin da Hitler ke ji da shi, ya yi. Kowane allo yana ɗauke da tarihin wani mawaƙi ko makaɗi da aka ware saboda asalinsa, wasunsu a sansanonin ƴan Nazi suka mutu. Kusa da su baƙi ke bi, cikin kwat da dogayen riguna, sa'ad da masu ƙaho suka fito bisa baranda suna kiran jama'a su shiga.