Gidan Da Ke Yi Wa Kansa Fifita

A makon nan sai uwargida ta ajiye ludayi, 'yar makaranta ta rufe littafi, ku ɗauko mayafi, za mu yawon buɗe ido Dubai, a ƙasar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, can bakin Tekun Fasha. Gidaje za mu dubo, gama mace ita ke wuni cikin gida, ita ta san zafinsa da sanyinsa.

Zafin ƙasar nan ba wasa ba ne. Da bazara yakan wuce digiri 45, ga gumi saboda damshin teku. To, ƙaƙa mutanen da suka zauna ba lantarki? Zo mu shiga tsohuwar unguwar Al-Fahidi ki gani. Ana kuma ce da ita Bastakiya, domin fataken garin Bastak na ƙasar Iran ne suka kafa ta, shekara fiye da 100 ke nan.

Da shigarki za ki ga lunguna matsattsu, katangu dogaye, inuwa kusan duk wuni. An yi katangun da dutsen murjani na cikin teku, ba ja irin na wuya ba, wani fari ne mai ƙananan ramuka, aka haɗa da wata irin farar ƙasa. Irin wannan bango mai kauri ba ya saurin ɗaukar zafi. Ɗakin baƙi, wanda suke kira majalis, yana kusa da ƙofa kamar zaure, ɗakuna kuma sun kewaye tsakar gida suna dubanta. Tagogin waje kaɗan ne. Watau dabara ɗaya ta yi aiki biyu: ta tsare rana, ta tsare idon mai wucewa.

Yanzu ɗaga kanki. Kin ga wata hasumiya mai kusurwa huɗu bisa rufin? Sunanta barjil. Kowane gefe nata a buɗe yake, an kuwa raba cikinta da bango biyu da suka gicciye juna. Ta ko'ina iska ta taso, sai ta faɗa ta wannan gefe ta gangara cikin ɗaki, iska mai zafi ta fice ta ɗaya gefen. Wani lokaci akan rataya jiƙaƙƙen zane a ciki don ƙarin sanyi. Ƙarƙashinta ake shimfiɗa a yi hira, a ci abinci, a kwantar da jariri. Da hunturu sai a toshe ta. Talakawa ma da ke zaune cikin bukkokin rassan dabino sukan yi tasu da itace da buhu. Kin ji gida mai yi wa kansa fifita, ba a biyan ko kwabo.

Sa'an nan sai arziki ya zo. Abu Dabi ta fara sayar da man fetur waje a 1962, aka sami mai a Dubai a 1966, aka kafa ƙasar a 1971. Mutane suka koma gidajen siminti da gilashi masu manyan tagogi, aka rushe wani sashi na Bastakiya. A 1989 saura kaɗan a rushe ragowar, sai masu kishinta suka yi ta roƙo, har aka fasa. Yau an gyara ta, baƙi na zuwa kallo.

Amma gilashi yana shigo da rana ya riƙe zafinta. Irin wannan gida ba ya zaunuwa sai na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana, har ya zama da bazara ita ke shanye mafi yawan lantarkin gidaje. Da magina suka ga haka, sai suka tuna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, suka koma suna nazarin aikin kakanni.

Mu hau mota mu nufi Abu Dabi, ki ga abin da nazarin ya haifar. Kusa da filin jirgin sama akwai wani sabon gari, Masdar, wanda aka fara ginawa a 2008. Titunansa na farko matsattsu ne kamar lungunan da muka baro. A tsakiya an kafa barjil na ƙarfe mai tsawon kusan ƙafa 150, yana zubo iska cikin dandali. Tagogin ɗakunan kwana an sa musu wata irin asabari ta siminti mai huji-huji, launin jar ƙasa, haske ya shiga, rana ta tsaya waje. Bisa rufi kuma ga farantan da ke mai da hasken rana lantarki. Kada in ɓoye miki, aikin ya zo da tsada, bai kammalu a 2016 yadda aka so da fari ba, har aka rage burin. Duk da haka wanda ya tsaya a lungunansa ya san sun fi buɗaɗɗen titi sanyi.

Hukuma ma ta sa hannu. A 2010 Abu Dabi ta wajabta bin wata ƙa'ida mai suna Istidama, watau ɗorewa. Ana auna sabon gini a ba shi lu'ulu'u daga 1 zuwa 5, gwargwadon tsimin ruwa da wuta da ya yi. Sabon gini sai ya sami aƙalla guda, na gwamnati kuwa biyu. Nutso a nemo lu'ulu'u cikin teku kuwa ita ce sana'ar kakanninsu kafin mai.

Kada ki ɗauka sun jefar da na'urar sanyi. Tana nan, gama barjil ba ya korar gumi a ranar da iska ta tsaya cik. Abin da suka gane shi ne a fara da inuwa, da bango mai tsare zafi, da hanyar iska, kana na'ura ta cika ragowar. Ta haka aikinta ya ragu, kuɗin wuta ya ragu.

To, uwargida, ranar da maigida ya zo da zancen gini, kada ki ce ba ruwanki. Tambayi ina tagogi za su duba, ta ina iska za ta shiga ta fita, me za a sa ƙarƙashin kwano, wace bishiya za a bari a tsakar gida. Ke kuma 'yar makaranta, riƙe lissafi da zane da kyau, domin zanen gidaje sana'a ce da mata ke yi. Sai mako mai zuwa.