Littafin Da Muka Karanta A Bakin Ruwa

Ni 'yar ƙasar Kura ce, a bakin ruwan da aka jawo daga madatsar Tiga na tashi. Tun da aka gama madatsar nan a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka haƙa hanyoyin ruwa suka ratsa Bunkure da Kadawa da Kura, sai mazanmu suka rage tafiya cin rani. Damina shinkafa, rani alkama da tumatir da albasa. Wannan alheri ne, ba mai musu. Amma akwai abin da ke biyo bayan kuɗin tumatir wanda ba a rubuta shi a littafin malaman gona, shi nake so in ba mai karatu labari.

Shekarar da tumatir ya yi daraja a kasuwar Kwanar Gafan, Baffana ya sayar da nasa, ya sayi babur, ya ƙaro aure. Kafin damina ta faɗi, matarsa ta fari, wadda muke kira Inna, ta karɓi takardarta ta koma gidansu da goyo. Sauran 'ya'ya huɗu aka bar su wajen amarya. Babbarsu sa'ata ce, ajinmu ɗaya, kuma ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Ran nan aka wayi gari ita ce uwar ƙannenta: ita ce wanki, ita ce turara shinkafa da shanya, ita ce talla. Makaranta kuwa sai labari.

Da na zo hutu daga sakandare na taho da wani tsohon littafi da bangonsa ya yage, Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Kullum da la'asar in ta fito wanki bakin ruwa, sai in zauna in karanta mata. Labarin Rabi ne, wadda mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kore ta da 'ya'ya tara, ta shiga sayar da abinci don ta ciyar da su. 'Yar'uwata ba ta cewa uffan, sai dai in ga ta daina cuɗa wanki ta yi shiru. Da muka zo inda Saudatu, 'yar Rabi, ta auri Alhaji Abubakar mai arziki, wahalar gidan ta yi sauƙi, na ɗauka za ta yi murna. Sai ta ce, "To, wadda ba Alhajin da zai gan ta fa, yaya nata labarin zai ƙare?"

Wallahi ban sami amsa ba. Sai bayan na shigo jami'a na gane marubuciyar ba ta manta da tambayar nan ba. Ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana da ƙuruciya, auren bai daɗe ba ya mutu, daga baya ta nemi ilmi a ajin manya. A ɗaya littafinta, Wa Zai Auri Jahila?, yarinyar da aka yi wa auren dole, Abu, karatu ne ya fid da ita, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ko a Alhaki Kwikwiyo Ne, bayan gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, matsa wa Rabi aka yi ta koma ɗakinta ba da son ranta ba. Wanda ya karanta da idon basira ya san ba daɗin baki aka yi mana ba, halinmu aka nuna mana.

Na sha jin wasu ɗalibai suna yi wa irin waɗannan littattafai dariya, wai adabin kasuwar Kano, wai su ke ɓata 'yammata. To, ai littafin nan da ake rainawa Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Ni kuwa ba wannan ya fi damuna ba. Abin da na gani da idona shi ne, yarinyar da ba wanda ya taɓa tambayarta yadda ta ji ran da uwarta ta fita, a bakin littafi ta fara jin an ambaci ciwonta.

Manya su kan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In ana maganar mutuwar aure, zawarawa ake tunawa, har gwamnatin Kano ta shiga aurar da su da yawa a 2012. Amma 'yar da aka bari a tsakar gida, ko aka tafi da ita agolanci, wa ya san da ita?

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa na wannan ƙungiya, masu alƙalami maza da mata, mu leƙa ƙauyukanmu. 'Yar'uwata yanzu tana ɗakin mijinta a Bunkure, kuma ta rantse 'yarta sai ta gama makaranta ko da za ta sayar da tukunyar turara shinkafarta. Har yau tana bina amsar tambayarta. Allah Ya ba mu ikon biya, amin.